Kwalaben Uwar Firji

A ɗakin binciken nan na hawa na uku, duk wanda ya zo sabo abu biyu ake fara nuna masa: inda ake rataye farar riga, da matar da ba a taɓa wa tanki. Uwar Firji ake ce mata. Shekararta goma sha shida a wurin tana kiwon ƙwayoyin halitta na ciwon dajin mafitsara a cikin 'yan kwalabe. Ta ba su abinci, ta sauya musu ruwa, in sun yi yawa ta daskarar da su a tankin sanyi mai hayaƙi. A jikin tankin akwai littafi mai baƙin bango ɗaure da igiya, duk kwalbar da ta shiga ko ta fita sai an rubuta, kuma da hannunta. Dokokinta biyu ne, har mai shara ya haddace su. Ba a buɗe kwalba biyu lokaci guda, kuma baƙuwar kwalba ba ta kwana a ɗakin nan sai ta shiga littafi.

Sunan ba a banza ta same shi ba. Shekara takwas da suka wuce babban tanki ya tsage a ƙarshen mako, sanyin ya tsiyaye, duk abin da ke ciki ya mutu murus. Sai wasu kwalabe goma sha biyu da ta ajiye a ƙaramin tanki na bayan ƙofa, su kaɗai suka tsira. Daga cikinsu aka sake tayar da komai. A ranar Farfesa, shugaban ɗakin, ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Ba don ke ba da mun rufe ɗakin nan." Maganar nan har yau tana ajiye da ita, in ranta ya ɓaci sai ta ɗauko ta ta ɗan lasa.

To, 'yan kwanakin nan lasar ta yi yawa, kuma dalilin ba kowa ba ne illa Auta, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ta, ita ta koya mata ɗaura agogo, ita ta kawo ta ɗakin nan shekara biyar da suka wuce ta ce wa Farfesa, "Yarinya ce mai hankali, a gwada ta." Ita ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake riƙe bututun zuƙa, ta yi ta yi mata tsawa a kan safar hannu. Yau ga shi an wayi gari ko baƙo ya shigo, kafin ya gama sallama yana tambayar ina Auta take.

Abin da Auta ta yi ba shi da wuyar fahimta, shi ya fi ba Uwar Firji haushi. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari da aikinsa kai saƙo, shi ya sa a ɗakin suke ce masa ɗan aike. Shi ke zuwa ya ce wa ƙwaya ta rabu biyu. A jikin mai lafiya in ya faɗa sau ɗaya sai ya yi shiru, a ciwon daji kuwa bakinsa ba ya mutuwa, ƙwaya ta yi ta haihuwa har ta zama ƙari. Shekara da shekaru ana neman maganin da zai tare ɗan aiken a hanya. Sai Auta ta ce me zai hana a koma can tushe, wajen umarnin gado da ake ƙera shi da shi, a sa wa umarnin takunkumi, kada ma a ƙera ɗan aiken balle ya kai saƙo? Ta haɗa wani ɗan siririn zare na sinadari, ta ɗiga wa ƙwayoyin. Kwana uku suka daina yaɗuwa. Ta sake, suka daina. Ta sake har sau tara.

"Ai ni na taɓa faɗar haka," in ji Uwar Firji a ranta. Kuma gaskiya ne ta taɓa faɗa, wata rana wajen shan shayi, sai dai daga faɗa ba ta ƙara komai ba.

Dogo, abokin aikinsu mai gyaran injuna wanda furfura ba ta hana shi tsokana ba, shi ya fara ɗora mata. "Uwar Firji, wai me kike ba ƙanwar nan taki? A ɗan sam mana mu ma ko kanmu zai buɗe." Ta yi dariyar da iyakarta haƙora. Da takardar da za a aika wa mujalla ta zagayo, ta duba sama ta ga sunan Auta, sai na Farfesa. Ta bi layi-layi har ƙasa, can wajen godiya, bayan an gode wa masu kula da ɓerayen gwaji, aka ce ana gode mata saboda kula da ƙwayoyi. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a aljihun farar riga.

Ranar hutu suka je gaida Mama, kamar yadda suka saba. Falon Mama ƙarami ne, kujeru uku da talabijin da ba ya kama komai sai tasha biyu. A bangon da ke kallon ƙofa akwai hoton Baba, a gefensa kuma wani firam mai ruwan ƙasa da shafin farko na takardar da Uwar Firji ta wallafa shekara bakwai da suka wuce, wadda ta ba ta digirinta na uku. Takardarta ke nan guda ɗaya tal a duniya. Mama ba ta san abin da aka rubuta ba, amma kullum sai ta goge gilashin da gefen zane.

Ciwon mafitsarar nan shi ya ɗauki Baba shekara tara da suka wuce. Ya ɓoye jinin da yake gani a fitsari har wata shida don kunya, da aka gano lokaci ya ƙure. Ranar da ya cika Uwar Firji tana wurin aiki. Kafin ta iso an riga an ja masa mayafi, kuma Auta ce ke riƙe da hannunsa. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, ita ma ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Mama ta zuba musu shayi, ta dubi Auta da idon nan nata mai ruwa-ruwa. "An ce min ke ce za ki je babban taron likitoci ki yi bayani?"

"Tukuna dai, Mama. Na roƙi Farfesa ya ɗan jinkirta."

"Allah ya yi miki albarka." Mama ta ɗaga kai wajen hoton. "Ka gani ko? Autarka ce za ta rama maka."

Uwar Firji ta ajiye kofi a hankali. Shekara goma sha shida! Tun kafin Baba ya kwanta take fama da ciwon nan a cikin kwalba, ta ƙi auren da zai kai ta wani gari saboda tanki, amma Auta ce za ta rama. Ta ce kanta na ciwo ta fita baranda. Ta taga tana jin Mama na cewa, "Yayarki ta cika sa aiki a rai, ki riƙa rage mata." Wannan ragewar ma sai da ta ƙona ta.

Daga nan ta fara farauta. Ba ta ce wa kanta farauta take ba, cewa ta yi aikin babba ne ya duba na ƙarami. In Auta ta fita cin abinci sai ta buɗe littafinta ta bi lissafin da alƙalami. Ta sake auna hotunan ƙwayoyin da kanta. Ta shinshina ruwan da Auta ke haɗawa. Komai tsaf, kamar da gayya. Rubutun ma irin nata ne, don ita ta koya mata jan layi a ƙarƙashin kwanan wata. Kuma jinkirin nan da Auta ke ta roƙo, yau ta ce a ƙara mata sati, gobe ta ce sati biyu, shi ma ya tsaya mata a wuya. "Jan aji," ta ce. "So take sai an roƙe ta."

Ran wata Laraba da hantsi tana goge injin ɗumi, inda ake ajiye kwalabe su yi girma, sai hannunta ya taɓo wani abu a can lungu, bayan tiren ruwa. Ta jawo. Kwalba ce, da rubutun Auta a jiki, kwanan wata kawai da alamar tauraro, babu suna. Ta je ta buɗe baƙin littafi, ta duba shafi uku baya. Babu ita.

Gabanta ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Baƙuwar kwalba a ɗakinta, a ɓoye, kuma a hannun wadda ta fi kowa sanin doka! Duk mai wannan aiki ya san abin da ake tsoro. Akwai wasu irin ƙwayoyi masu tsiro kamar ciyawa, in ɗigo ɗaya ya faɗa cikin kwalbar wasu, cikin 'yan makonni sai su cinye gidan, kai kuma kana nan kana ta gwaji a kan abin da ba shi ba ne. Ido ba ya rabe su. Sai an kai ɗakin tantancewa an karanta shaidar gadonsu.

Ta mayar da kwalbar inda take. Ta ɗebi kaɗan daga babbar kwalbar da Auta ke gwaji da ita, ta sauka hawa na ɗaya ta miƙa wa matar da ke tantancewa, ta ce aikin duba na shekara ne. Kwana biyar ta yi tana jira. A kwanakin nan har fara'a ta dawo mata, har ta tambayi Auta ko ta ci abinci.

Sakamakon ya zo a takarda guda. Ta karanta a tsaye a kan matattakala. Ƙwayoyin ba na mafitsara ba ne. Na bakin mahaifa ne, irin ciyawar nan da kowa ke gudu.

Ta zauna a kan matattakalar ta sake karantawa. Wallahi daɗi ta ji, daɗi tsantsa, irin wanda rabonta da shi tun ranar da tanki ya tsage. Sau tara ɗin nan, da taron likitoci, da "Autarka ce za ta rama maka", duk a kan ƙwayar da ko hanyar mafitsara ba ta sani ba. Wata murya a cikinta ta ce ta kira yarinyar gefe ta nuna mata, ai ƙanwarta ce. Ta ce wa muryar gaskiya ba ta da ƙanwa. Wata muryar ta ce to ta bi littafi tukuna ta ga daga ina abin ya faro, kamar yadda take koya wa kowa. Ta ce me za ta bi, ga kwalba ta gani da idonta? Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, amma mai gini ba ya jin kira.

Taron mako ranar Alhamis ake yi, ƙarfe goma, a ƙaramin ɗakin da ke da dogon tebur da allo. Mutum bakwai ne. Farfesa a kai, gilashinsa a goshi kamar kullum yana nemansa a aljihu. Aka gama zancen injin da ya lalace, Farfesa ya juya ga Auta. "To 'yata, jinkirin ya isa haka. Gobe takardar nan za ta tafi."

Auta ta buɗe baki, amma yayarta ta riga ta.

"Ranka ya daɗe, kafin ta tafi a duba wannan." Ta tura takardar a kan tebur, ta bi ta da ido har ta tsaya a gabansa.

Farfesa ya sauko da gilashi. Ya karanta, ya sake karantawa. "Daga wace kwalba aka ɗebi wannan?"

"Daga wadda ake gwajin takunkumi da ita." Muryarta a sanyaye, kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Ni ma ban so ba. Amma na tsinci baƙuwar kwalba a bayan injin ɗumi, ba ta cikin littafi, da rubutunta a jiki. Shekara biyar ina faɗa, ba a buɗe biyu, ba a shigo da baƙuwa. To ga abin da ake gudu."

Kowa ya juya ga Auta. Uwar Firji ta shirya wa kuka, ta shirya wa musu, har ta tanadi amsoshi. Sai Auta ta dube ta, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, sannan ta sunkuyar da kai.

"Haka ne, Farfesa. Ni na shigo da ita. Laifina ne."

"Kin san abin da kike faɗa?" Muryar Farfesa ta sauya. "Aikin shekara biyu! Da takardar nan ta fita, da sunan ɗakin nan ya zube a idon duniya. Kuma kika ɓoye?"

"Na ɓoye. A yi haƙuri."

Ya cire gilashin ya murza ido. "Ba za ki je taro ba. Ki tattara littattafanki ki miƙa wa yayarki, ita za ta karɓi aikin daga farko, ita ta san doka. Zancen zamanki a nan kuma sai na yi tunani." Ya dubi Uwar Firji. "Karo na biyu ke nan kina ceton ɗakin nan."

Ga shi nan, abin da take so, a faranti. Ta ji shi ya sauka a ƙirjinta da ɗumi. Ta riga ta ga sunanta a saman takarda, ta ga Mama na ɗaga kai wajen hoton Baba tana gyara maganarta. Ta ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, aikinmu ne," tana gyara zaman alƙalaminta a kan tebur.

Dogo ne ya jawo takardar yana dubawa, yana sosa ƙeya. Ba da kowa yake ba, tunani kawai yake da baki kamar yadda ya saba. "Ikon Allah. Ni abin da ya ɗaure min kai, ina ta samo wannan iri? Rabonmu da shi a ɗakin nan tun kafin babban tanki ya tsage. A lokacin Auta ko jami'a ba ta gama ba."

Ba wanda ya kula da maganar, sai mutum ɗaya.

Uwar Firji ba ta bukatar ta ɗauko littafi, ta san shi kamar tafin hannunta. Duk ƙwayar mafitsarar da ke ɗakin nan jikar kwalabe goma sha biyu ce. Kwalaben nan kuwa rana ɗaya aka daskarar da su, kwanan watan yana shafi na arba'in da ɗaya, da layi a ƙarƙashinsa. Talata ce. Tana zaune a gaban akwatin gilashin da ake buɗe kwalabe a ciki, kwalbar mafitsara a dama, ta bakin mahaifa a hagu tana jiran layinta, don a lokacin suna kiwon duka biyun. Waya ta yi ƙara, muryar Auta tana rawa: "Yaya, ki zo yanzu, yanzu." Da ta tashi ta bar su da sun mutu, aikin wata biyu. Ta ce minti goma kawai. Ta buɗe ta dama, ta buɗe ta hagu. Bututun zuƙa nawa ta yi amfani da shi? Shekara tara ba ta taɓa tambayar kanta ba. Yanzu ta ga hannunta sarai, bututu ɗaya ne, daga wannan zuwa waccan. Kafin ta fita a guje ta tura su ƙaramin tanki don shi ne kusa da ƙofa, ba don wani hangen nesa ba.

Minti goman nan su suka hana ta samun Baba da rai. Ashe ba su tsaya nan ba. Takardarta ma, wadda Mama ke gogewa da gefen zane, a kan jikokin kwalaben nan aka yi ta.

Ta ɗago ta dubi ƙanwarta. Auta na kallonta, ta ɗan girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai gani. Ma'anar a fili take: ki yi shiru, Yaya.

Ai kuwa nan wani haushi ya taso mata, ya fi na ranar shayin Mama zafi. Ta sani! Yarinyar nan ta sani, ta zauna ta naɗe hannu tana yi mata sadaka a gaban mutane. An ba ta aiki, an ba ta yabo, kuma duk daga aljihun Auta suka fito. In ta karɓa, har ta mutu tana cin abin da ƙanwarta ta rage mata.

"Me ke cikin waccan kwalbar?" Muryarta ta fito da ƙarfi har Farfesa ya ɗago.

"Yaya, an gama maganar nan."

"Ba a gama ba. Me ke ciki? Faɗa musu!"

Auta ta ga ba mafita. "Ƙwayoyin mafitsara ne na gaskiya. Na roƙo daga wani ɗakin bincike. Sati biyar ke nan da na ga namu suna girma fiye da kima, na kai aka duba a waje. Ina sake gwajin ne a kan sababbin, shi ya sa nake roƙon jinkiri. Na so in kawo wa Farfesa matsalar tare da maganinta."

"Kika bi littafina."

"Na bi."

"Me ya hana ki zo ki same ni?"

Idon Auta ya kawo ruwa. "Na ga kwanan watan, Yaya. Ni na kira ki ranar."

Uwar Firji ta miƙe, kujerar ta yi baya ta bugi bango. "To sannu, uwar tausayi! Aikin kin ɗauka, na yi shiru. Farfesa kin ɗauka, Mama kin ɗauka. Hannun Baba ma ke kika riƙe. Yanzu ɗan kuskuren nan, abu ɗaya da na yi da hannuna a ɗakin nan, shi ma sai kin ƙwace? Wallahi ba ki isa ba. Nawa ne!"

Ta juya ga Farfesa, numfashinta na sama-sama. "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Kwalabe goma sha biyun nan da kuke yabona a kai, su ne ciyawar. Ni na haɗa su, na buɗe biyu lokaci guda. Duk abin da aka yi a ɗakin nan shekara takwas a kansu aka yi, har da takardata. Shafi na arba'in da ɗaya, a je a duba."

Dogo ya ajiye takardar a hankali kamar mai zafi. Farfesa ya laluba aljihu yana neman gilashin da ke hannunsa. Da ya yi magana, muryar tsoho ce ta fito. Ya ce a ɗauko littafin. Ya ce za a rubuta wa mujalla a janye duk abin da ya kamata a janye, Uwar Firji ce za ta fara, ta janye tata takardar. Ya ce wa Auta ɓoyon da ta yi shi ma laifi ne, za su yi magana, amma ta ci gaba da gwajinta a kan sababbin ƙwayoyin. Mabuɗin tanki kuma, a bar shi a ofishinsa tukuna.

Uwar Firji ta ciro mabuɗin daga wuyanta ta ajiye a tebur. A bakin ƙofa Auta ta kamo hannun rigarta. "Yaya."

"Sake ni." Ta ɗan tsaya ba ta juyo ba. "Takunkumin yana aiki a kan sababbin?"

"Sau biyu na gwada. Ya rage su, amma bai kai na da ba."

"Ya rage dai."

"Ya rage."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Ta so a ce bai yi ba, ta kuma so a ce ya yi, ta rasa wanne ya fi yawa a ranta.

Ranar hutu Uwar Firji ta riga Auta zuwa gidan Mama. Ta gaishe ta, ta jawo kujera ta taka, ta sauke firam mai ruwan ƙasa. Inda ya zauna shekara bakwai fentin ya fi sauran bangon haske.

"Lafiya? Ina za ki kai shi?" in ji Mama daga ƙofar kicin.

"Akwai kuskure a ciki, Mama. An janye shi."

"Ayya. To Allah ya sa haka ya fi alheri." Mama ta goge hannu da zane, ta matso tana kallon bangon. Uwar Firji ta kama ƙusar da yatsu tana jijjigawa za ta cire.

"A'a, bar ƙusar," in ji Mama. "In na Auta ya fito sai a rataye a nan, kusa da Babanku."

Uwar Firji ta tsaya a kan kujerar, firam a hammata, yatsunta a kan ƙusar. Jijjigar da ta yi ta sa ta ɗan karkace. Ta sa babban yatsa ta danna ta, ta miƙar da ita, sannan ta sauko.